Ƙarar Kaza A Kotun Sama

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu ji ta!

Wata rana Shaho ya sure ɗan tsakon Kaza ya cinye. Kaza ta kai ƙara gaban alƙali Kunkuru tana kuka.

Kunkuru ya ce, "A ina ya cinye shi?"

Ta ce, "A sama, Allah ya gafarta malam."

Ya ce, "Af! Ni ƙananan laifuffukan ƙasa nake ji. Kisan kai a sama sai kotun Mikiya, can ƙolin rimi."

Kaza ta yunƙura ta faɗo, ta sake yunƙurawa ta faɗo. Sai Shaho ya matso ya ce, "Haba Iya, shari'a ai ba gaba ba ce. Zo in kai ki." Kaza ta yarda, ya sure ta ya yi sama da ita.

Washegari Kunkuru ya kori ƙarar, wai mai ƙara ta ƙi dawowa.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako!