Gwamnan Aji da Alhamis ɗin Ƙarya

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. Ɗaliban da ke can baya suna latsa waya, ku ma ku ɗago, yau da ku nake.

An yi wani mutum, saurayi, ɗalibi a wata babbar makaranta. Shi ne wakilin ajinsu. Idan malami zai ba da aikin da za a je a rubuto, wanda ɗalibai ke kira asaimen, shi yake kira ofis ya faɗa masa taken aikin da ranar kawowa. Shi zai sanar da aji, shi zai tattara takardun, shi zai kai. Saboda haka 'yan ajin suka sa masa suna Gwamna.

Allah ya ba yaron nan baiwar tsara aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Ya san wane aiki ne ya matso, wane ne zai iya jira, wane malami ke ɗaga ƙafa, wane ne ba ya jin bari. Da ya yi amfani da wannan baiwa a kan karatunsa, da ya fi kowa. Amma ina! Sai ya ga ai tsara mutane ya fi tsara karatu sauƙi.

Kowane darasi ya sami mai rubuta masa. Wannan Gwamna ya taɓa roƙa masa ƙarin lokaci, to ya biya da aikin lissafi. Wancan Gwamna ya taɓa sa masa hannu a takardar halarta ranar da bai zo aji ba, to ya biya da rahoton gwaji. Kuma bai taɓa bari ɗaya ya san da ɗaya ba. Kowa yana zaton shi kaɗai ne ke yi wa Gwamna bauta. Shi kuwa yana yawo da fayil a hammata, riga a goge, yana cewa, “Ni kaina ya yi zafi, aikin aji ya hana ni sakat.”

A ajin nan akwai wata mata da ta girme su duka, suna kiranta Anti. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Tela ce, tana da ɗan shago, da safe tana aji, da yamma tana kan keken ɗinki. Wayarta 'yar ƙarama ce mai madannai, ba ta ganin saƙonnin da ake turawa 'yan aji. Duk ranar kawo aiki daga bakin Gwamna take jin ta.

Idan an ba da aikin rukuni, Gwamna kan yi sauri ya sa Anti a nasa rukunin. Kun san dalili? Ita ce kaɗai ke haɗa guntayen da kowa ya rubuto ta karanta daga farko har ƙarshe, ta ce nan bai dace da can ba, a gyara. Ita ke gyarawa, sunansa ke hawa sama.

Da suka shiga shekarar ƙarshe, kowa zai rubuta kundin kammala karatu, babi biyar, ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Gwamna ya raba nasa kamar yadda ya saba, babi ɗaya mutum ɗaya. Sannan ya sami Anti a bakin aji.

Ya ce, “Anti, ke za ki haɗa min su ki duba.”

Ta ce, “Ƙanena, na rukuni daban. Wannan naka ne, da sunanka za a ba da shaida. Ni nawa ma ban san inda zan sa kaina ba. Ka zauna ka rubuta, in ka maƙale zan nuna maka.”

Ya yi murmushi ya ce, “Ba komai, Anti.”

Ya 'yan uwa, ku ji tsoron “ba komai” ɗin azzalumi.

Akwai wani darasi da Anti ta faɗi a baya saboda jinyar mijinta. Wannan ce damarta ta ƙarshe, in ta sake faɗuwa makaranta za ta sallame ta. Gwamna ya sani sarai. Malamin darasin ya ba da babban aiki mai maki da yawa, ya ce a kawo ranar Talata, wanda ya wuce Talata kada ma ya tako ofishinsa. Gwamna ya tura wa kowa a waya. Da Anti ta tambaye shi, ya dube ta ido cikin ido ya ce, “Alhamis.”

Baiwar Allah ta tsara kwanakinta a kan wannan Alhamis. Ta ce bari ta ƙarasa ɗinkin mutane Litinin da Talata don yara su sami abin ci, ta yi hutun aji, Laraba ta zauna ta kammala rubutu. Ranar Alhamis ta zo da aikinta tsaf, har da bango. Malamin bai ko miƙa hannu ba.

Ta ce, “Malam, wallahi wakilin aji ne ya ce min Alhamis.”

Aka kira Gwamna. Ya dafe ƙirji ya ce, “Ni? Haba Anti, ki ji tsoron Allah. Ga saƙon nan kowa ya gani, Talata.”

Matar da ta isa ta zama yayarsa ta durƙusa a gabansa a kan barandar nan, ɗalibai na wucewa suna kallo. Ta ce, “Ka tuna marayun nan. Kalma ɗaya kawai za ka faɗa, ka ce kuskure ka yi.” Ya janye ƙafarsa don kada hawayenta ya taɓa masa takalmi, ya ce yana da taro da shugaban sashe.

Ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta, ta ce, “Shi ke nan. Na bar ka da Allah.” Ƙarshen zango sakamako ya fito, aka sallame ta. Duk shekarun da ta yi tana raba kanta tsakanin aji da shago suka tafi a banza.

Me Gwamna ya yi? Ya yi nadama? Wace nadama! Daɗi ma ya ji, don daga ranar masu rubuta masa suka shiga taitayinsu. Wanda ya yi gardama sai ya ce masa a hankali, “Ka ga dai Anti.”

To ku saurari yadda Allah ke kama bawa ta inda ya fi taƙama.

Taken kundin Gwamna na farko a kan ciwon bayan direbobin motar haya ne. Ana cikin aiki malamin da ke duba shi ya ce wani ya riga shi wannan take, ya canza zuwa ciwon bayan teloli. Gwamna ya sanar da mai babi na ɗaya da na biyu da na biyar, don ya gamu da su a ranar. Mai na uku da mai na huɗu ya ce zai kira su. Hidimar aji ta ɗauke masa hankali, ya manta. Su kuma biyar ɗin ba su san da juna ba, balle wani ya tambayi wani. Shi da kansa ya gina wannan katangar. Wadda za ta haɗa ta karanta kuwa, shi da kansa ya kore ta.

Ya karɓi babobin ya kai shagon buga takardu, aka buga, aka yi bango mai ruwan zinare. Bai karanta ba. Malamin nasa ma, saboda Gwamna ɗan gaban goshinsa ne mai yi masa aike, ya leƙa shafukan farko ya sa hannu. Mai babi na huɗu ya ga bangon a shagon, ya ga an rubuta teloli, alhali nasa babin a kan direbobi yake. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna Anti a durƙushe, ya ja bakinsa ya yi gaba. Ban ce ya kyauta ba, na faɗa muku abin da ya faru ne.

Ranar kare kundi Gwamna ya gayyato mahaifinsa, dattijo mai gyaran famfo, ya zo ya ga yadda ɗansa ke juya makaranta. Tsohon ya sa sabuwar hula, ya zauna a benci a baranda kusa da taga.

Baƙon malamin da aka gayyato daga wata makaranta ya buɗe tsakiyar kundin, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, “Samari, buɗe babi na huɗu ka karanta mana da ƙarfi.”

Gwamna ya gyara murya ya fara. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi hira da su, in ji takardar da ke hannunsa, suna kwana a tasha. Kujerar mota da ramukan hanya su ke karya musu baya.

Ɗakin ya fashe da dariya. Baƙon bai yi dariya ba. Ya ce, “Wane tela ne ke kwana a tasha? Kai ka rubuta wannan?” Gwamna ya ce shi ne. “To faɗa min mutum ɗaya da ka yi hira da shi.” Gwamna ya hau juya shafuka. “Rufe kundin, faɗa min abin da ke babi na biyu.” Zufa ta jiƙa gogaggiyar rigar nan sharkaf. Malamin da ya sa masa hannu, don ya tsira da aikinsa, shi ya fara miƙewa yana cewa yaron nan ya yaudare shi, a hukunta shi.

Tsohon da ke bakin taga ya ji komai. Ya cire sabuwar hular ya riƙe a hannu, ya sauka matakala, bai jira ɗansa ba.

Aka kafa kwamiti. Waɗanda ya tsoratar suka yi layi a ƙofa, kowa da labarinsa, a nan ne ma suka fara sanin junansu. Aka soke duk sakamakonsa tun daga shekarar farko, aka kore shi, aka hana shi shiga harabar. A gida mahaifinsa ya daina amsa gaisuwarsa. Mahaifiyarsa ta daina zuwa taron suna saboda tambayar mata. Yaron da ake kira Gwamna ya koma shagon buga takardun nan na wajen ƙofar makaranta, yana jera shafukan ayyukan ɗalibai yana maƙala musu ƙusa, ƙananan yaran da ya taɓa kora daga gaban aji suna ce masa, “Kai, yi sauri mana!”

A nan ne Anti ta fara faɗo masa a rai. Ya ce zai je ya nemi gafararta. Ya ce wannan mako. Ya ce sai ya sami abin riƙewa a hannu. Ya ce bayan jarrabawa, aiki ya yi yawa a shago. Haka ya yi ta turawa gaba. Rannan dai ya daure, wata Alhamis, ya nufi shagonta. Ya tarar da shi a kulle, keken ɗinkin a lulluɓe ta bayan gilashi. Maƙwabcinta mai sayar da zare ya ce, “Mai shagon? Allah ya yi mata rasuwa, shekaranjiya Talata muka kai ta. Da ma ta daɗe ba ta da lafiya, hawan jini. Kai ɗan uwanta ne? Ai ka makara.”

Ya 'yan uwa, wa zai roƙa masa ƙarin lokaci yanzu? Wane ofis zai je?

Ɗalibi, aikinka naka ne. Ka raba shi a kan kwanakinka, kada ka raba shi a kan wuyan bayin Allah. Kai da aka ba amanar isar da saƙo, ko na ranar kawo takarda ne, ka sani rayuwar wani na iya rataye a kan kalmar da ke bakinka. Kai kuma da ka san akwai wanda ya bar ka da Allah, kada ka ce gobe. Tashi daga nan ka nufi ƙofarsa, don ba a sanar da kai ranar da za a rufe karɓa ba. Akwai tsayuwar da ke gaba, inda za a buɗe wa kowa abin da ya aikata a ce ya karanta da bakinsa, kuma babu wanda zai rubuta wa wani ko layi ɗaya.

Allah ya raba mu da haƙƙin marayu da hawayen wanda ba shi da mai tsaya masa. Allah ya sa mu tuba kafin a ce mana mun makara. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mana zuriya.