Nomau da Rumman ɗin Gidan Barde

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ku saurara da kyau, jama'a, don wannan mutum ba jarumi ba ne. Matsoraci ne, kuma duk garin an san shi da haka. In aka daka masa tsawa sai gwiwarsa ta yi sanyi. In kare ya yi haushi a lungu, sai ya sake hanya.

A bayan garin akwai wani tsohon gida da wani basaraken yaƙi, Barde Maiƙarfe, ya gina tun zamanin kai hari. Katangarsa doguwa ce, mai kauri, ga soraye masu duhu, ga ƙofa guda ɗaya tak ta shiga da fita. A cikin katangar nan akwai lambu, irin lambun da in ka shiga sai ka manta ana rana a waje. Dabino, lemo, inabi mai hawa rumfa, furanni masu ƙanshi, ruwa na bin ƙananan magudanai yana ratsa gindin itatuwa. Can ƙarshen lambun kuma akwai tafki mai koren ruwa, da matakalar dutse da ta gangara cikinsa, kuma akwai kadoji a ciki. Tsofaffi suna cewa Barde ya sha jefa mutane a wurin. Allah ne masanin gaskiya.

Da yaƙi ya ƙare, zuriyar Barde suka koma cikin gari. Jikansa, Magaji Zailani, shi ya gaji gidan, ya kuma ba da izini a riƙa buɗe ƙofar ranar Alhamis da Juma'a, kowa ya shigo ya ga abin da kakansa ya bari. Mutane kuwa suka riƙa zuwa daga ƙauyuka, mata da goyo, fatake, angwaye da amarensu. A hau soro a hangi gari, a zauna a inuwa, a tsaya daga nesa a leƙi kadoji ana riƙe hannun juna. Nomau shi ke kula da lambun. Shi ke ban ruwa, shi ke sassabe, shi ke nuna wa baƙi hanya. Amma bakin tafkin nan, ko shara ce sai ya ɗaura tsintsiya a doguwar gora ya yi ta daga nesa.

To, akwai doka guda. A tsakiyar lambun akwai tsohuwar bishiyar rumman, ta tsufa har ba ta cika yin 'ya'ya ba. Magaji ya ɗauki wani camfi ya sa a ransa, wai muddin maigida ne ke cin 'ya'yanta gidan ba zai rushe ba, ranar da bare ya ci kuwa, shi ke nan. Kun ji aikin jahilci, Allah ya tsare mu. Amma shi ya yarda da haka har cikin zuciyarsa, kuma mai iko in tsoro ya kama shi, na ƙasa da shi ne ke shan wuya. An taɓa yin wani baƙo da ya karya reshenta bisa kuskure, Magaji ya sa aka ɗaure shi a rana tun hantsi har magariba. Mutumin bai sake tafiya daidai ba. A shekarar da nake ba ku labari, ɗa ɗaya bishiyar ta yi, ya nuna ya yi jajir, Magaji na jiran ya zo ya tsinka da hannunsa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lambu ya cika da baƙi. Nomau ya juya ya raka wasu fatake su ga soro. Da ya dawo, sai ya tarar da wata tsohuwa a gindin bishiyar, ta dogara da sanda, tana ƙulle wani abu a bakin zanenta. Ya ɗaga kai ya dubi reshe. Babu rumman.

Jama'a, sai da Nomau ya dafa bishiya don kada ya faɗi.

Tsohuwar ta ga ya gani. Sunanta Tabawa. Ta gaya masa, murya ƙasa ƙasa, cewa ubanta bawa ne da Barde ya kamo, kuma shi ya dasa bishiyar nan da mari a ƙafarsa. Wanta a cikin lambun nan aka haife shi, ga shi can ƙauye a kwance, ya daina cin komai, ba abin da yake ambata sai rumman ɗin da ubansu ya taɓa ɗanɗana masa yana ƙarami. Ta ce tun asuba ta taso da ƙafa. Ta san dokar, ta kuma san abin da aka yi wa baƙon nan da ya karya reshe.

Nomau ya ce, "Iya, ba nawa ba ne, ba ni da ikon in ce na ba ki. Amma kin riga kin tsinka, ba ya komawa reshe. Ki kama hanya yanzu yanzu. Ni zan je in gaya wa mai shi."

Ta juya ta nufi ƙofa. Amma ina tsohuwa mai sanda, ina sauri? Ba ta kai rabin hanya ba sai aka ji hayaniya a zaure, ashe Magaji ne ya iso da barorinsa, ya zo ganin rumman ɗinsa. Nomau bai jira a kira shi ba. Ya je ya durƙusa, ya ce an tsinke rumman, kuma shi ne ya yi sakaci ya bar gindin bishiyar.

Magaji bai ɗaga murya ba, kuma wannan shi ya fi ban tsoro. Ya juya kawai ya ce a rufe ƙofa. Aka ji ƙarar sakata ta faɗa. Duk wanda ke cikin lambun nan ya ji ta a ƙirjinsa. Katanga doguwa, ƙofa ɗaya, an kuma rufe ta. Aka tattaro baƙi wuri guda a gaban tafki, mata na rufe bakin 'ya'yansu da tafin hannu. Tabawa na can tsakiyarsu, ta sunkuyar da kai.

Magaji ya tambayi Nomau ko ya san wanda ya tsinka.

Kafin ya amsa, babban baran Magaji, wani mai suna Jatau, wanda yake tausayin Nomau, ya sunkuya kamar zai gyara masa zama, ya raɗa masa cewa ya ce jemagu ne suka ci, ko biri ya tsallako katanga. Kowa zai yarda, a buɗe ƙofa, a watse lafiya.

Ku tsaya nan, jama'a. Hanya biyu ce a buɗe gaban bawan Allah nan, kuma kowacce mai sauƙi ce. Ya ce biri, ya tsira. Ya miƙa yatsa ya nuna tsohuwa, ya tsira. Kalma ɗaya ko yatsa ɗaya. Wallahi da yawanmu da ke zaune a nan, ba ma sai an kai mu bakin tafki ba, harara kawai ta ishe mu mu zaɓi ɗaya.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, na san shi. Amma ba zan faɗa ba."

Magaji ya dube shi kamar bai ji daidai ba. Sannan ya nuna matakalar dutsen nan, ya ce tunda bakinsa ya yi nauyi, ya sauka ya tsaya a can har ya tuna sunan.

Nomau ya miƙe. Mutumin da ko shara ba ya yi a wurin sai da gora, yau ga shi yana taka dutsen da ƙafarsa. Dutsen na da santsi, gansakuka ta rufe shi. Ya sauka har ruwa ya taɓa idon sawunsa, ya tsaya. Magaji ya sake tambaya. Ya girgiza kai. Aka ce ya ƙara sauka. Ruwa ya kai ƙwauri. Sanyinsa ya hau har cikin kansa. Ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi, koren ruwa ne kawai, ganyaye na yawo a kai. Yana kuka, jama'a, ba zan ɓoye muku ba, hawaye da majina, leɓɓansa na motsi da sunan Allah, wani lokaci sunan ma ya ƙi fita.

Can tsallaken tafkin akwai wani abu kwance a tabo kamar busasshen gungume. Sai gungumen nan ya motsa. Ya zame cikin ruwa ba ƙara, ba fantsama. Aka daina ganinsa, sai idanu biyu da wani siririn layi a kan ruwa, yana tahowa sannu sannu. Wata mata ta sulale ta zauna a ƙasa. Jatau ya juya baya, ya ƙi kallo. Magaji ya ce, "Suna kawai, Nomau, ka fito."

Nomau ya buɗe baki. Allah kaɗai ya san abin da ke kan harshensa a lokacin, don shi da kansa ya ce daga baya sunan tsohuwar ya zo masa har bakin haƙora. Sai ya rufe bakin, ya rufe ido.

A nan ne aka ji ƙarar sanda a kan dutse. Tabawa ce ta ratso mutane. Ta kwance bakin zanenta, ta ajiye rumman a gaban Magaji, ta ce ita ce, a fitar da ɗan mutane daga ruwa. Ta faɗi sunan ubanta, ta faɗi yadda aka kamo shi, ta faɗi halin da wanta yake ciki, a gaban kowa.

Kuna tsammani Nomau ya yi tsalle ya fito? Bai fito ba. Daga cikin ruwan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni aka ba amana, ni na bar wurin. In hukunci ne, ga ni na riga na shigo. Ka bar ta ta tafi."

Magaji ya dubi ruwa, ya ga layin nan ya kusa, ya yi wa barori alama. Jatau da wani bafatake suka ruga suka fizgo Nomau ta hammata. Suna jawo shi kan dutse ruwan ya yi wani irin juyi a daidai inda ya tsaya, sannan ya kwanta.

Magaji ya tsaya a kansa ya tambaye shi me ya hana shi cewa biri ne, ai da ya yarda. Nomau yana kwance yana haki, ya ce, "Na ji tsoronka, ranka ya daɗe, na ji tsoron abin da ke cikin ruwan nan. Amma in na yi ƙarya ko na ba da ita, gobe akwai inda zan tsaya, can kuma babu mai fizgo ni."

Magaji ya daɗe yana kallon rumman ɗin nan a ƙasa. Ga idon jama'a a kansa, ga tsohuwa a durƙushe. Bai ɗauka ba. Ya ce a buɗe ƙofa, ya ce wa tsohuwa ta ɗauki abinta ta tafi. Kada ku ce ya tuba nan take, bai tuba ba. Ya juya ga Nomau ya ce kada ya sake ganin ƙafarsa a lambun, tunda har akwai wanda yake tsoro fiye da maigidansa.

Haka Nomau ya fita daga lambun da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki, da jiƙaƙƙen wando, ba ya riƙe da komai. Ya raka Tabawa har ƙauyensu, yana riƙe mata hannu a wuraren hawa. Suka tarar da wan nata da sauran numfashi. Aka fasa rumman, aka matsa masa ruwan a baki, ya haɗiya, ya kira sunan ubansa. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Nomau kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi a ƙauyen, yana firgita yana janye ƙafafu. Da ya warke, ya zauna nan yana yi wa mutane ƙwadagon ban ruwa a fadama, bai taɓa zagin Magaji ba ko a bayan ido.

Shekaru suka wuce. Ciwon ajali ya kama Magaji, ga shi 'ya'yansa duk mata ne ƙanana, ga 'yan'uwa sun fara zagaya gidan suna ƙiyasta abin da zai zama nasu. Ya dubi duk masu durƙusa masa, ya ga babu wanda bai taɓa yi masa ƙarya don tsoro ba, babu kuma wanda ba zai ba da marayun nan ba in aka tsorata shi. Sai ya aika ƙauye a zo masa da Nomau. Nomau ya zo yana rawar jiki kamar kullum, don har ya mutu bai daina tsoro ba. A gaban alƙali da dattawa Magaji ya nemi gafararsa, ya damƙa masa amanar 'ya'yansa da lambun. Nomau kuwa ya riƙe amanar, duk da barazanar da aka sha yi masa, har ya aurar da su ya miƙa wa kowacce haƙƙinta.

To, jama'a, abin da nake so ku tafi da shi ke nan. Gaskiya ba ta ba ka izinin tona mai rauni, tausayi kuma bai ba ka izinin ƙarya ba. Ana iya riƙe su duka biyu, sai dai riƙon da zafi. Kuma kada wani ya ce mini shi matsoraci ne, shi ya sa ya yi shaidar zur a kasuwa, shi ya sa ya nuna na ƙasa da shi a wurin aiki don maigida ya huce a kansa. Babu wanda ya kai Nomau tsoro a cikinku. Ya dai san wanda ya fi cancanta a ji tsoronsa. Kowannenmu akwai ranar da za a rufe masa ƙofa a ce ya faɗi suna ko ya yi ƙarya, wataƙila a gidansa, wataƙila gaban mai unguwa, wataƙila gobe da safe. Ranar nan in gwiwarka ta yi rawa, bar ta ta yi, ba a hana ta ba. Harshenka kawai za ka riƙe. Allah ya sa tsoronsa ya rinjayi tsoron kowa a zukatanmu, ya tsayar da ƙafafunmu ranar da za su so zamewa.