Manjo Tunau da Takardar Afuwa Guda

Ku gyara zama ku ba ni hankalinku, don wannan labarin ba na hira ba ne kawai. In na kai ƙarshensa, ku ne alƙalai. Ni nawa faɗa ne.

An yi wata ƙasa da ake kira Bargaza. Mai mulkinta ba gadon sarauta ya yi ba, ba kuma zaɓensa aka yi ba. Wani hafsan soja ne da ya hau da bakin bindiga, ya hana a kira shi da sunansa na yanka, sai dai a ce Jagora. Jam'iyya ɗaya ce tak a ƙasar, 'yan dabarta kuwa baƙar riga suke sawa, shi ya sa ake ce musu 'Yan Baƙar Riga. Hoton Jagora na kowane shago, muryarsa na kowace rediyo, kuma duk wanda bakinsa ya suɓuce sai a neme shi a rasa. Da babban yaƙi ya ɓarke tsakanin Daular Gabas da Ƙasashen Ƙawance, Jagora bai shawarci kowa ba, ya ɗauki Bargaza ya jingina ta da Daular Gabas, ya riƙa tura samarin ƙasar bakin daga, jirgin ƙasa bayan jirgin ƙasa.

Hafsan da ke kula da babbar tashar jirgin shi ne Manjo Tunau. A gabansa samarin ke shiga tarago suna waƙa, a gabansa kuma ake sauko da abin da ya rage daga cikinsu. Da yaƙi ya shiga shekara ta uku, zama ya gagari Tunau. Abinci sai ya huce a gabansa. Wuni yake yi yana kai da kawowa a bakin dogo, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana lissafin wanda ya tafi da wanda ya dawo, lissafin kuma ba ya fita. Ya gane Daular Gabas ta kama hanyar faɗuwa, kuma in ta faɗi a kan Bargaza za ta faɗo.

Ya sami hafsoshi shida masu irin tunaninsa, suka yi rantsuwa. Shirinsu shi ne, ranar da Jagora zai zo tasha ya sallami sabuwar bataliya, a kulle shi cikin tarago, a kama gidan rediyo, a sanar cewa Bargaza ta rabu da Daular Gabas ta koma gefen Ƙawance. Suka dogara da kwamandan motoci masu sulke, wanda ya yi musu alkawarin zai tare ƙofofin birni.

Ranar ta zo. Tunau ya tsaya a tasha tun hantsi, yana duba agogo yana duba hanya. Jagora bai zo ba, mataimakinsa ya aiko. Kwamandan motoci masu sulke kuma ya aiko cewa motocinsa ba su da mai. Su kuwa waɗanda suka je gidan rediyo ba su sani ba, har sun karanta rabin sanarwar kafin a yanke musu wuta. Kafin azahar sojojin Daular Gabas sun cika birni. Tunau ya faɗa mota ya nufi gadar kogi, don bayan kogin nan yankin Ƙawance ne. A bakin gada wani saje da sojojinsa suka tare shi.

A nan mutum na farko ya shigo labarin. Wata mace ce mai suna Hansai, ma'aikaciyar gidan waya. A zamanin, in mutum ya buga tarho sai wani ya haɗa masa layi da hannu, kuma aikin Hansai ke nan. Amma ba haɗawa kawai take yi ba: 'Yan Baƙar Riga sun sa ta ta riƙa sauraron maganar mutane tana rubuta musu, kuma tana yi. Ba ta taɓa ganin Tunau ba, muryarsa kawai ta sani, don kullum tana jin sa yana roƙon a aiko da barguna da ruwa saboda masu rauni. A ranar, shugaban 'Yan Baƙar Riga ya ba da umarni duk wanda aka kama a harbe shi a inda yake tsaye. Da sajen gada ya bugo yana neman a haɗa shi da ofishinsu don ya ji yadda zai yi da Manjon, Hansai ta haɗa shi da kotun soja. Da shugaban ya bugo da kansa yana neman gada, ta ce masa layi ya lalace. Sau uku yana bugowa, sau uku tana faɗa masa haka. Kafin a gano, motar kotu ta ɗauke Tunau, sunansa ya shiga littafi, harbin kan hanya ya wuce shi. Hansai kuwa an yi mata dukan da kunnenta na hagu bai sake ji ba, sannan aka mayar da ita bakin aiki, don babu wanda ya iya shi kamarta.

Na biyu shi ne Kyaftin Korau, alƙalin kotun soja. Shi da Tunau zaure ɗaya suka yi karatun allo, akushi ɗaya suka ci tun suna yara. Aka kawo masa mutum bakwai ɗaure, Tunau da hafsoshi shidan nan da sojojin Daular Gabas suka kama a birni, tare da hukuncin da aka riga aka rubuto daga fadar Jagora, abin da ya rage kawai ya sa hannu. Ya sa wa na farko, ya sa wa na biyu, har na shida, bai ko ɗaga kai ba. Da aka zo kan Tunau sai ya tashi, ya tako har gabansa, ya tofa masa yawu a fuska.

Ya juya ga wakilan Jagora ya ce, "Wannan mutumin, harsashi ya yi masa sauƙi. Shi ya san waɗanda suka haɗa su da abokan gaba. A ba ni kwana arba'in da shi, in fito muku da sunayensu."

Korau ya san sarai babu wasu sunaye. Amma da yake sun ga yadda ya sa hannu a kan shida ba tare da ya ɗaga kai ba, suka yarda da shi. Washegari da safe aka harbe shidan a bayan bariki, Tunau na cikin kurkuku yana jin ƙarar, yana ƙirgawa. Kwanakin nan Korau bai bar kowa ya taɓa fursunan ba, shi ke tambayarsa, shi ke rubuta rahoton ƙarya yana jan lokaci. Da abin ya tashi ba suna ko ɗaya, aka tuɓe masa anini aka tura shi bakin daga, inda ya baro ƙafarsa ta dama.

Na uku shi ne Likita Hankurau, likitan kurkukun. Shekara da shekaru, duk wanda 'Yan Baƙar Riga suka kashe da duka, shi ke rubuta cewa zazzaɓi ne ya kashe shi. Ba abokin Tunau ba ne, ba kuma tausayi ya yi masa yawa ba. Mutum ne mai lissafi, ya ga inda iska ke kaɗawa. Saura kwana biyu wa'adin ya cika, ga shi sanƙarau ya shiga kurkukun yana ɗibar mutane. Hankurau ya yi wa Tunau wata allura da ta sandarar da shi, numfashinsa ya koma kamar babu. Ya rubuta takardar mutuwa, ya sa aka naɗe shi a tabarma aka jefa cikin gawawwaki huɗu na gaske. Saboda tsoron cutar ba direban da ya yarda ya matso, sai likitan ya ja motar da kansa, da rana tsaka, ya ratsa shinge uku na masu bindiga. A ko wanne da an ɗaga tabarma da su biyu za a binne. Ya kai Tunau wurin wasu masunta, suka haye da shi.

Bayan wata uku aka ji muryar Tunau a rediyon Ƙawance yana kiran sojojin Bargaza su ajiye makamai. Nan aka gane wanda aka ce ya mutu bai mutu ba. Ba a kashe likitan ba, don ana bukatar hannunsa. Ɗansa guda da ya haifa aka ɗauke daga makaranta aka sa a jirgin bakin daga, bai kuwa dawo ba.

Shekara ta kewayo, Daular Gabas ta faɗi, Jagora ya gudu aka kama shi a hanya. Tunau ya dawo birni tare da sojojin Ƙawance, mutane na ɗaga shi sama. Bai gama hutawa ba ya ji an kafa kotu don waɗanda suka yi wa tsohuwar gwamnati aiki, kuma cikin waɗanda aka yanke wa hukuncin rataya akwai Hansai da Korau da Hankurau. Ba ƙage aka yi musu ba. Rubutun Hansai ya jawo an kama mutum ashirin da uku, tara ba su fito ba. Hannun Korau na kan takardar hafsoshi shida da wasu kafin su. Takardun zazzaɓin Hankurau kuwa sun cika akwati.

Tunau ya koma gidan jiya, kai da kawowa. Ya je kotu aka ce magana ta wuce su. Ya je wurin manyan gari suka kau da kai. Daga ƙarshe ya isa gaban Janar ɗin Ƙawance da ke riƙe da birnin, ya faɗa masa komai ta bakin tafinta. Janar ya ja shi bakin taga, ya nuna masa taron da ya cika filin ƙofar kurkuku.

Ya ce, "Waɗancan iyayen matattu ne da matansu. In na saki uku, garin nan zai kama da wuta. Saboda kai zan saki ɗaya. Ga takarda na sa mata hannu, ka rubuta suna ka kawo mini kafin la'asar ɗin gobe."

Tunau ya karɓa. Da safe ya nufi kurkuku. A ƙofa wata mata ta riƙe masa hannun riga, ashe matar ɗaya daga cikin shidan ce. Ta ce, "Manjo, tare kuka yi rantsuwa da mijina. Kada ka manta." Ta sake shi.

Ya fara da Hansai. Sai da ya yi sallama ta juyo da kunnenta na dama, ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe haka kake. Da murya na san ka." Ya tambaye ta me ya sa ta yi abin da ta yi masa. Ta ce, "Ban sani ba. Na yi ta miƙa mutane, ranar nan hannuna ya ƙi. Ba zan ce ka cece ni ba, amma ina da 'ya'ya mata biyu, ubansu ya rasu, suna wurin maƙwabta."

Ya je wurin Korau, ya same shi zaune, sandunansa jingine da bango. Korau bai bari ya buɗe baki ba. Ya ce, "Tunau, kada ka rubuta ni. In ka rubuta ni, da wane ido za ka dubi matan shidan nan? Da ban sa musu hannu ba, da an kawo wani ya sa wa ku bakwai, ni in zama na takwas. Na san haka, kai ma ka sani, amma su ba za su taɓa sani ba." Sannan ya ce, "Inna tana nan da rai. Ka riƙa leƙa ta."

Ya ƙare da Hankurau. Likitan ya rame, amma idonsa a tsaye. Ya ce, "Manjo, ba zan yi maka ƙarya ba, na cece ka ne don irin wannan ranar, kuma ina son in rayu. Hansai da Korau sun saya maka lokaci, ni na fitar da kai. Maganarka a rediyo ita ta ci ɗana, ban kuma riƙe ka ba. Yanzu asibitin gari cike yake da masu rauni, likitoci biyu suka rage. Ka sake ni in je in yi aiki har in mutu."

Tunau ya fito. Ya kewaya filin bariki ya sake kewayawa. Ya ce a ransa, ba don Hansai ba da a bakin gada aka bar gawarsa, ita da ba ta haɗa komai da shi ba. Ba don Korau ba da shi ne na bakwai a bayan bariki. Ba don Hankurau ba da kwana arba'in ɗin sun cika an gama da shi. In ya tuna alherin ɗaya sai laifinsa ya taso, in ya tuna laifin sai ya ga ransa da yake numfashi da shi. Ya zauna ya ɗora takardar a gwiwa, ya tashi. Ya cire murfin alƙalami, ya mayar. Aka yi azahar, inuwa ta fara miƙewa gabas, tafintan Janar ya fito yana nemansa.

Ni a nan na tsaya. Takarda ɗaya ce, layi ɗaya gare ta, biyun da ba a rubuta ba kuma gobe za a rataye su. To, ku da kuka ji komai, sunan wa ya kamata Manjo Tunau ya rubuta?