Mai Haɗa Kwamfuta da Waƙoƙin Mama Rifkatu

Akwai wani mutum a cikin wata ikilisiya, mai haɗa kwamfuta, gwani ne kuwa, amma ba ya son a ce masa tsaya. A ikilisiyar nan akwai wata tsohuwa, Mama Rifkatu, wadda ita kaɗai ta rage da tsofaffin waƙoƙin yabo na yarensu a ka. Dattawa suka ce masa, “Haɗa mana kwamfuta, a ɗauki muryar Mama tun tana da ƙarfi.”

Sai ya ɗauko babban faifan da ake dasa dukan kayan a kansa, wanda masu sana'ar ke kira madabod. Ya nemo ram, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take cikin yi, ya zaɓi wadda ta fi kowace gudu. Kowane faifai yana zuwa da takarda mai nuna iyakar gudun da zai iya ɗauka. Mutumin bai ko buɗe ta ba.

Da ya kunna, faifan ya rage gudun ram ɗin daidai ƙarfinsa. Ran mutumin ya ɓaci. Ya shiga saiti ya tilasta masa cikakken gudu.

Maigidansa, wanda ya koya masa aikin, ya leƙo ya ce, “Kai, ɗana, bar shi ya tafi yadda zai iya.”

Ya ce, “Haba Baba, ga shi yana aiki lafiya lau.”

Kwana huɗu Mama Rifkatu tana zuwa da sandarta, ta zauna, ta rera, ta huta, ta sake rerawa. Kwamfutar ba ta nuna kome ba. Ashe a ciki faifan yana ta tuntuɓe, yana ajiye abu a gurguje, yana ɓata shi. A mako na biyu Mama ta kwanta ciwo, Ubangiji ya kira ta gida. Bayan jana'iza jama'a suka taru su ji muryarta. Mutumin ya danna waƙa ta fari, sai ƙara. Ta biyu ta ƙi buɗewa. Cikin waƙoƙi talatin da ɗaya, rabin guda kaɗai aka samu. Ya sunkuyar da kai ya yi kuka a gaban kowa.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwana, ga ta. Ram mai gudu ita ce baiwar da Allah ya ba ka: kaifin kai, ilimi, zafin nama. Faifan kuwa mutanen da ya sa ka a cikinsu ne, matarka, 'ya'yanka, tsofaffin ikilisiyarka. Baiwar ba laifi ba ce. Laifin shi ne ka ƙi tambayar abin da za su iya ɗauka.

Ina faɗin wannan da baƙin ciki, domin ni ma na yi. Kana jan su da ƙarfi, suna binka shiru, kai kuma kana cewa lafiya lau. Wanda aka fi ƙarfinsa ba kullum yake kuka ba. Ubangijinmu da kansa ya rage tafiyarsa saboda mu, ya zauna da masu jinkirin ganewa bai gaji ba. To, kai wane ne? Yau in ka koma gida, ka tambayi wanda kake ja ko ya gaji, tun yana nan da zai amsa maka.