Daddawar Inna Hansatu

Ku kife wayoyin nan a kan tabarma tukuna. Ba za su mutu ba don an bar su ɗan lokaci, ku ma ba za ku mutu ba. Wata magana ce ta fi ƙarfina na kawo muku, kuma tun da ta shafi kasuwancin nan da kuke cika mana kunne da shi, wanda ba rumfa ba kanti sai waya, ku ya kamata ku taya ni warware ta.

Akwai wata dattijuwa, Inna Hansatu, mutuniyar wani ƙauye can yamma da Gusau. Sana'arta daddawar kalwa, tun tana budurwa. Ranar kasuwa ba ta wahalar da bakinta wajen talla. Mace za ta zo ta ɗauki guda ta sunsuna, ta gutsura ta ɗanɗana, ta saya, Inna ta ɗora mata gyara ta tafi tana shi mata albarka. A haka ta aurar da ɗanta na fari, Hashimu, a haka ta sa ƙaninsa Nazifi a makaranta har ya yi difloma.

Sai 'yan bindiga suka addabi yankin. Kasuwar ƙauyen ta mutu, hanya ta zama abin tsoro, wata rana kuma aka ɗauko gawar Hashimu daga gona. Inna ta tattara tukwanenta ta gudo gari da Nazifi, da autarta Mardiyya, da Barira matar marigayin da 'ya'yanta ƙanana. Ni na ba su ɗakunan bayan gidana, shi ya sa duk abin da zan faɗa muku a gabana aka yi shi.

A gari ba wanda ya san ta. Matan nan namu sun saba da dunƙulen kanti, sai Inna ta wuni a ƙofar gida da faifan daddawa, ƙudaje ne kawai ke kula ta. Abinci ya fara gagararsu. Kun dai ga yadda matan da suka gudo daga ƙauyuka suke tsayawa a bakin titi da yara suna miƙa hannu. Abin da Inna ke tsoro ke nan. Ta taɓa ce mini, ba ta ambaci sunan ɗanta ba don kunyar ɗan fari, "Malam, gara a binne ni da in ga 'ya'yan marigayi suna bara."

To, ga abin da kowanne cikin su ukun, Nazifi da Mardiyya da Barira, ya yi.

Nazifi ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, bai samu ba. Sai ya koma sauraren wasu mutane a waya masu koyar da yadda ake zama ɗan kasuwa. Su ce a riga kowa tashi, kada a ce abu ba zai yiwu ba, kowace faɗuwa darasi ce. Ni kam dariya nake yi masa, ina cewa da surutu na kawo arziki da maroƙa sun fi kowa kuɗi. Amma yaron nan ya sayar da kekensa ya sayi waya mai ɗaukar hoto da kyau, ya buɗe shafi a intanet ya sa masa suna Daddawar Inna Hansatu. Kullum bayan asuba yana tsakar gida yana ɗaukar hannuwan uwarsa, tana tsince kalwa, tana juya tukunya, tana jera daddawa a shanya. Watanni suka shuɗe ba wanda ya sayi ko guda. Abokansa suka sa masa suna Injiniyan Daddawa. Akwai ranar da ya zaɓi ya sayi data a maimakon abincin rana, na gan shi da idona. Bai daina ba. Ya koyi yadda ake rubutu mai jan hankali, ya amsa wa duk wanda ya yi magana ko da zagi ne, har mabiya suka taru. Sai dai kallo kawai suke yi, su yaba, su wuce.

Mardiyya ce ta gano inda matsalar take. Yarinya ce mai baki, ba ta barin ta kwana. Wata rana ta ce masa, "Yaya, daddawa da hanci ake sayenta. Wayar taka tana da hanci ne?" Ta yanka daddawa ƙanana ƙanana, ta shiga gidajen biki inda mata ke girki, ta roƙi a bar ta ta jefa a miya kyauta. Ta shiga tasha ta san direbobin Kaduna da na Abuja da na Legas, ta san wanda ke kai saƙo da amana da wanda ke mantawa da shi a ƙarƙashin kujera. Duk matar da ta yi magana a shafin, sai ta aika mata ɗanɗano. Da aka fara saye, ta dawo da gyaran Inna, amma ta ƙulle shi daban, ta ce wa kowace mace, "Wannan ba naki ba ne, Hajiya, na maƙwabciyarki ne." Maƙwabciya ta ɗanɗana ta nemi lamba, ita ma a ba ta na tata maƙwabciyar. Da haka tukunyar gidan ta koma hawa murhu kullum. Amma dangin saurayin da zai aure ta suka yi ta ganinta a tasha tana hira da 'yan kamasho, suka ce ba irin tasu ba ce, aka zo aka karɓe kayan sa rana. Ta sha kuka, washegari kuma ta ɗauki saƙo ta koma tashar.

Ita kuwa Barira ba wanda ya san ta a shafin. Amma ƙarfin Inna ya riga ya ƙare, ita ce ke tafasa kalwa, ta surfa, ta wanke, ta sake tafasawa, ta rufe ta ruɓa, ta daka, ta shanya. Toka da ruwan zafi sun tsattsage mata hannu har ba ta iya dunƙule shi sosai. Da ta gama takaba ubanta ya aiko ta koma gida, akwai mai son aurenta, mutum mai rufin asiri. Ta ce ba za ta bar tsohuwa da tukwane ba. Mace ce mai kunya irin ta da, ko haɗa ido da surukarta ba ta yi, ba ta taɓa musa mata magana ba ko sau ɗaya.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta gabato, ta faɗo tsakiyar damina. Lokacin miya ne, kowace mace na son daddawa. Mardiyya ta yi ta yi wa mata alkawari, duk wadda ta kira sai ta ce kafin Sallah zai iso. Nazifi ya ga oda ta fi ƙarfin gidan, amma malamansa na waya sun koya masa cewa ɗan kasuwa na gaske ba ya korar mai saye, sai ya ƙi rufe karɓa. Inna ma ba ta ce a rage ba, don ta san yunwar da suka fito daga cikinta. Ta shiga hayaƙi da tari a ƙirjinta, ba hutu. Ga hadari kullum, rana ba ta fitowa balle shanya ta bushe.

Ranar da za a ɗaure kayan, Inna ta ɗauki guda ta sunsuna, alhali mura ta toshe mata hanci, ta ce, "Ta yi. Ku ɗaure." Barira ta taɓa ta ji da sauran danshi a ciki. Ta sani sarai. Amma ta yaya za ta ce wa uwar mijinta, a gaban 'ya'yanta, hancinta ya daina aiki? Sai ta sunkuyar da kai ta ƙulle a leda.

Kayan suka isa gidajen mutane sun yi fumfuna. Kun fi ni sanin yadda intanet take. Matan da suka yi ta yabo jiya, su suka ɗora hotuna suna cewa an damfare su. Waɗanda ba su taɓa saye ba ma suka fi kowa zagi. Inna ta ga fuskokin yaran ta ce Nazifi ya karanta mata abin da ake faɗa. Ya ce ba komai. Ta ce, "Da ba komai da ka karanta." Ta shiga ɗaki ta kwanta, kuma tun daga ranar ba ta ƙara zama a gaban murhu ba.

Abokan Nazifi suka ba shi shawara ya goge shafin ya buɗe sabo da wani suna, haka kowa ke yi. Ya ƙi. Ya ce sunan uwarsa ne aka ɓata, a nan za a wanke shi. Bai goge zagi ko ɗaya ba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, har waɗanda suka zagi iyayensa.

Mardiyya ta kira kowace mace da ta san muryarta. Wasu suka kashe mata waya, ta sake kira. Ta shiga mota ta je har gidajen waɗanda suka fi fushi, ta durƙusa, ta yi musu alkawarin sabuwa ba tare da sun biya komai ba.

Barira ta yi sabuwar ita kaɗai, ta ƙi ɗaure ko guda sai da ta bushe ƙarau, duk matsin da Nazifi ya yi mata. Sannan ta yi abin da ban taɓa zaton za ta iya ba. Ta ce a ɗauke ta a bidiyo. Ta zauna gaban waya da tsattsagaggun hannuwanta ta ce, "Ni na ɗaure. Na ji da danshi, na yi shiru don kunya. Kada ku zagi tsohuwa, ni za ku zaga." Suka kuwa zage ta, suka yi ta kwaikwayon maganarta ta ƙauye suna dariya. Ubanta ya ji labari ya ce ta zubar musu da mutunci, mai son auren nata ya janye. Amma mata da yawa sun taɓa yin shiru a gaban suruka, suka gane gaskiya take faɗa. Suka dawo, har da waɗanda da ba su san shafin ba.

Kasuwa ta tashi fiye da da, Inna dai ba ta tashi ba. Da kaka ta yi sai ta aika a kira ni. Ta ce, "Malam, yaran nan sun daina cin abinci a kwano ɗaya, ina ji. Idan na tafi ka ba ɗaya daga cikinsu sana'ar nan da sunana, wanda ya fi cancanta. Kada ka bari a raba sunana uku." Na tambaye ta wanne. Ta ce ba ta sani ba. Ba a yi mako ba muka kai ta makwancinta.

Na yi baƙin cikin mutuwarta, amma abin da ya biyo baya ya fi ƙona mini rai. Kowannensu yana ganin sauran biyun ne suka kashe ta. Nazifi ya ce alkawuran Mardiyya da shirun Barira ne. Mardiyya ta ce taurin kan Nazifi ne da ya ƙi rufe oda. Barira kuwa ta daina gaishe su, kuma a wurinta wannan ya fi zagi. Na tara su na roƙe su su ci gaba tare, kowanne ya rantse ba zai ƙara aiki ƙarƙashin wani ba.

Nazifi yana so ya ɗauki mata aiki ya sayi inji ya faɗaɗa abin, ya ce da ba don shi ba da babu shafin tun farko, kuma da an goge shi ranar da ya ɓaci. Mardiyya tana so ta koma Kaduna da sunan, ta ce masu saye muryarta suka sani, kuma aurenta ta rasa kafin ta tara su. Ita kuwa Barira, sai da na tambaye ta sau da yawa kafin ta buɗe baki. Ta ce abin da mutane ke ci hannunta ne ya yi shi, kuma in ba wannan sana'ar ba ta san inda za ta kai marayu ba.

Yanzu wayar da shafin ke ciki tana hannuna, na karɓa na ajiye har a yanke magana. Kullum saƙo na shigowa, mata suna tambaya yaushe za a ci gaba, wasu sun fara cewa za su nemi wani wuri. Tukwane suna kife a bayan gidana. Jiya da safe na ga babbar 'yar Hashimu a tsaye a bakin titi tana kallon matan da ke miƙa hannu, na kira ta na ba ta koko, amma ni ma tsufa ya zo mini kuma gidana cike yake.

Ba ni da sauran lokacin jira. To, ku da kuka san wannan kasuwa, ku faɗa mini tsakaninku da Allah: Nazifi, Mardiyya ko Barira, wa zan miƙa wa sunan Inna Hansatu?