Sakaci Bara, Ƙaddara Bana

Muttaka mai gabatar da shirin safe ne a wani gidan rediyo a Katsina. Allah ya ba shi murya, amma bai ba shi tsayawa kan magana ɗaya ba. Kafin ya faɗi labari sai ya fara duba wa zai taɓa.

Akwai wata kwalbati a wata unguwa kusa da hasumiyar Gobarau da ke toshewa duk damina. Bara da ruwa ya shiga gidaje, kansilan unguwar ɗan jam'iyyar da Muttaka ba ya so ne. Kwana goma yana ihu a rediyo: "Wannan sakaci ne! Kada wani ya laƙa wa ƙaddara!"

Aka yi zaɓe, abokinsa ya hau kujerar. Kwalbati tana nan yadda take. Bana ruwa ya dawo, ya kada katangar Malama Halimatus Sa'adiyya, tsohuwar malamar firamare, har kayan ɗakinta suka bi ruwa. Da safe Muttaka ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Jama'a, ƙaddara ce. A yi haƙuri."

Abin ya ƙona wa Malama rai, don ta san in aka kira shi ƙaddara babu mai zuwa gyara. Tana da shirin Muttaka na bara da ta naɗa a wayarta. Kwana shida tana kiran layin masu sauraro ana kashewa, ba ta fasa ba. Ran na bakwai aka ɗauka.

Ta yi gaisuwa a natse, sannan ta kunna. Katsina duka ta ji Muttaka yana ihun sakaci.

"Malam Muttaka," in ji ta, "kwalbatin nan dai ita ce, ruwan ma shi ne. To mi ya canza, in ba mai kujera ba?"

Tun daga ranar mutane suka daina kama tashar, ba a yi wata biyu ba aka karɓe shirin daga hannun Muttaka.

Ya je majalisarsu yana ƙorafi wai manaja ya zalunce shi. Sada tela ko kai bai ɗaga daga kan keke ba, ya ce, "Haba Muttaka, ƙaddara ce. A yi haƙuri."

Darasi: duk wanda aka ba amanar faɗa wa jama'a labari, ya kira abu da sunansa, ko wa ke kan kujera. Mutane ba sa mantuwa, kuma kalmar da ka rufe bakin wani da ita, da ita za a rufe naka.