Sarkin Bindiga da Harsashin da Ya Gaji a Hanya

Masu riƙon labari sun ce a garin Tsaunin Gamji an yi wani Sarkin Bindiga mai suna Mantau. Duk shekara bayan kaka, garuruwan yankin sukan haɗu gasar harbi. Ba dabba ake harbi ba, takarda ake kafawa can nesa da baƙin ɗigo a tsakiya, kowa ya kwanta rub da ciki ya auna. Bindigar gasar kuwa mai ƙaramin harsashi ce, irin wanda ake buga wa wuta a gefen gindi, albarushinsa bai fi tsunkulen gishiri ba.

Mantau ya daɗe yana cinye gasar, sai bara da bana wani Barmo na Kwarin Tsamiya ya kayar da shi. Dattawan gari suka aiko masa cewa in aka sake, rawanin zai koma wani gida. Ya yi ta tunanin abin da Barmo ya fi shi, har ya tuna bututun bindigar Barmo ya ɗara nasa da taƙi guda. Sai ya ce ai ya gano. Ya sa aka ciro dogon bututun tsohon famfon unguwa, ya kira maƙeri ya haɗa shi da bindigarsa ta gado. Maƙerin mutum ne da bai taɓa ce wa babba a'a ba, nan take ya hura wuta a ƙofar zaure.

A bangon zauren akwai kan burtu rataye, irin wanda maharba ke ɗaurawa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji. Na kakan Mantau ne, ya ga jiya ya ga yau, kuma yakan yi magana in abu ya isa. Mantau na ɗaukar bindiga sai burtu ya yi gyaran murya, ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ƙarfe ya yi ja, ara mini kunne. Ina gudun kada abin da ya sami Jatau na Dogon Faƙo ya same ka."

Mantau ya zauna, bindiga bisa cinya, ya ce a gaya masa abin da ya sami Jatau.

Burtu ya ce, Jatau ɗan gasa ne kamarka. Ya kuskure ɗigo sau ɗaya, sai ya sa aka ƙara wa bututunsa kamu guda. Ya sake kuskurewa, ya sake ƙarawa. Kafin damina ta sauka, in yana goge gindin bindigar a ɗaki, bakinta na kasuwa, mata na shanyar barkono a inuwarta. Ranar gasa sai da surukansa suka ɗauko ta a kafaɗa kamar masu jana'iza, aka kafa mata gwafanni a filin. In Jatau ya ja numfashi a nan, bakin bututun can sai ya yi lilo daga gabas zuwa kudu, 'yan kallo suna bajewa. Da ya samu ta ɗan tsaya, ya ja kunama. Aka ji tas, aka zuba ido ga takarda, shiru. Alƙalin gasa ya tafi ya yi sallar azahar ya dawo, har yanzu shiru. Sai wajen la'asar harsashi ya leƙo bakin bututu duk gumi, ya sauko ƙasa a hankali, ya nemi a ba shi ruwa.

Jatau ya taso da faɗa, yana cewa ya shimfiɗa masa hanya miƙaƙƙiya amma ya kunyata shi gaban surukai. Harsashi ya bari ya sha ruwansa, sa'an nan ya ce, "Maigida, guzurin albarushin da aka ɗaura mini ɗan kaɗan ne, tun a kamun farko na cinye shi. Daga nan babu mai tura ni, bango kawai nake gogawa. Ga shi kuma muddin ina ciki, duk rawar da hannunka ya yi da ni ake yin ta." Jatau ya ce to a kawo zarto, yau zai datse ta tun daga tushe. Harsashi ya ce ya dakata tukuna, ya ji abin da ya sami yayansa a hannun Nomau mai zarto.

Harsashi ya ce, yayana kwali ɗaya muka fito da shi, rabo ya kai shi gidan Nomau. Shi Nomau ya ji ana cewa gajeren bututu ya fi tauri, ba ya karkarwa, kuma gaskiya ne. Amma da ya fara yanka bai san inda zai tsaya ba, sai da bututun ya koma kamar lofe. Ƙusoshin saiti guda biyu da ido ke bi wajen aunawa, ta gaba da ta baya, suka haɗu kafaɗa da kafaɗa, har babu yadda ido zai gane ya karkace. Bakin kuma ya yanke shi a jirge. Da ya harba, yayana ya fito da guzurinsa bai ko kwance ba, wuta na bin sa a banza, bakin bututu ya hankaɗe shi hagu. Ya zaga filin, ya huda gangar maroƙi, ya cire wa alƙali hula, ya faɗa tukunyar mai ƙosai. Har yau yana can gidanta, an ce ya yi ƙiba.

Harsashi ya ce, "Ka ga gudun gara an tadda zago. Daidai ruwa, daidai tsaki."

Jatau bai ji ba. Ya ce in harsashi na gajiya, sai a kai shi har ƙofar gida. Ya ƙara bututu har bakinsa ya taɓa takarda ya huda ta. Alƙali ya duba ya ce wannan ba harbi ba ne, tsokana ce, ya kore shi daga gasa har abada.

Burtu ya juyo ga Mantau ya ce, "To ranka ya daɗe, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Garin neman gira ake rasa ido."

Mantau ya shafa bindigar. Jikinsa ya yi sanyi, amma taƙin nan na Barmo bai bar ransa ba. Ya tambaya, in tsawo ba ya ƙara komai, me ya sa Barmo ke cin sa? Burtu ya amsa cewa ɗan tsawo yana da rana, domin yana nisanta ƙusoshin saiti, ido ya fi ganin kuskurensa. Amma bindigar gidan nan ta riga ta sami wannan rabon tun zamanin kakansa. Abin da ya rage shi ne bakin bututu ya zama sumul, a nemi irin harsashin da take so, mai harbi ya iya numfashinsa, kuma ya ga abin da yake aunawa.

Mantau ya ce ai shi idonsa garau, ko shaho albarka. Burtu ya ce to ya leƙa tsakar gida ya faɗi wa ke tsaye a gindin dalbejiya. Mantau ya leƙa, ya gyara rawani, ya ce ai Delu ce, uwargidansa, har ya ɗaga murya ya yi mata barka da aiki.

Burtu ya ce, "Turmi ne, ranka ya daɗe. Delu ta tafi suna tun da safe."

Mantau ya daɗe yana kallon turmin. Can ya ce lalle an bar jaki ana dukan taiki, ya karɓi magana. Ya mayar da bindigar gidanta yadda take, ya ce wa maƙeri ya kashe wuta, ya zo ya raka shi asibitin ido. Suna fita ya ƙara da cewa, in sun haɗu da mutane a hanya, maƙeri ya riƙa fara gaisuwa.